Zaman Makokin Marubuciyar Kanada a Ƙofar Marusa

Na sha yawo, na ga zaman makoki iri-iri, amma ban taɓa ganin irin wanda abokina ya yi a Ƙofar Marusa ba. Tsohon shugaban makarantar sakandare ne, tare muka tashi. Yana matashi ya je wani taron malamai a Legas, wata marubuciya ’yar Kanada ta zo baƙuwa, aka yi hoton haɗin gwiwa, shi yana can layin baya, rabin hularsa kawai ta fito. Tun daga ranar ta zama “ƙawata ta Kanada”. Duk ƙimarsa a majalisa a kan wannan ƙawance take tsaye. In aka yi gardama ko a kan taki ne, sai ya ce shi da ke hulɗa da manyan marubutan duniya.

Matar kuwa ta isa. ’Yar wani masunci ce, ta yi aikin jinya har ta fara furfura kafin ta kama rubutu, daga baya aka dinga ba ta lambobin yabo. Na taɓa sayen littafinta ɗaya a filin jirgin sama, na cinye shi kafin mu sauka.

Ranar da rediyo ta ce ta mutu, abokina ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. A Katsina kuwa in ka ga tabarma da mutum ya yi tagumi, dole ka cire takalmi. Kafin la’asar wuri ya cika.

Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya gama doguwar gaisuwa, ya ce, “Malam, ya haƙuri? Ta wajen uwa take ko ta wajen uba?”

“Ta wajen ilimi,” in ji abokina.

Liman ya yi gyaran murya, ya tsaya a kan “Allah ya ba da haƙuri”. Can ya ce, “To Malam, ita baiwar Allah nan, mi ta rubuta ne? Ba mu ko labari guda.”

Abokina ya gyara hula, ya ce ai rubutunta na da zurfi. Ya sake cewa da zurfi ƙwarai. Nan na gane ko bangon littafinta bai taɓa buɗewa ba. Ya kallo ni irin kallon wanda rijiya ta rufta da shi. Tausayi ya kama ni, na ce baƙin ciki ya hana shi magana, bari in karɓe shi.

Na ba su labarin da ke cikin littafin nan nata, na wa da ƙane da suka gaji gonar tuffa, suka daina magana da juna, ƙanwarsu ce ke kai saƙo tsakani har suka tsufa.

Liman ya ce, “Ba a raba gado da wuri ba ke nan.”

Mai atamfa ya ce, “Babban ne mugu. Ina da irinsa a gida.”

Aka manta da mamaciya, aka shiga shari’ar gona. Abokina kuwa ya farfaɗo, yana ta gyaɗa kai yana cewa, “Haka ne, haka ne.” Na zo ƙarshe, na ce gonar dai sayar da ita aka yi, suka mutu ba su shirya ba.

Sai abokina ya ɗaga mini hannu. “A’a, Alhaji, nan ka kuskure. Sun shirya a gadon asibiti. Da bakinta ta faɗa mani.”

Majalisa ta ɗauki “Alhamdulillahi”. Liman ya juyo ya ce mini, in mutum zai ba da labari a gaban masu shi, ya riƙa tambaya tukuna.