Ranar da Kande Ta Yi Tsawa a Tudun Ƙirya

Abubuwa da yawa na aikin ɗan sanda sun shige mini tun da na ajiye kaki, amma ranar da muka yi tseren mota zuwa Tudun Ƙirya tana nan a raina daram. Duk lokacin da yaranmu sababbin shiga aiki suka kawo mini gaisuwa, sai na ba su labarinta.

Lokacin ina saje, a wani ƙaramin ofis da ke tsakanin Safana da Batsari. Ga wanda bai san tsarinmu ba, kurtu shi ne na ƙasa, sai kofur, sai saje, sai sufeto. Shugaban ofishinmu Sufeto Garba ne, dogo, marar yawan magana, muna kiransa Oga. Abu ɗaya kowa ya sani game da shi: ba ya ƙaunar ganin bindiga a hannun farar hula. Yakan ce mu da muke ɗaukarta dole aka yi mana, kuma duk wanda ka ga yana shafa bindiga yana murmushi, to ranar harbawa yake jira. Ni ra'ayina bai kai nasa zafi ba, domin na taso cikin maharba, na san akwai masu riƙe ta da mutunci. Amma ban taɓa yi masa gardama ba.

A yankin kuwa babu wanda ya kai Baba Tukur na Tudun Ƙirya son bindiga. Tsohon maharbi ne, manomi, yana da bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da ƙarfe. Har suna ya sa mata, Kande. Ya naɗe mata gindi da jar fata, yana shafa mata man gyaɗa kullum. Hukuma ta san da ita, don lokacin da aka tara maharba aka tantance su yana ciki. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta ofishinmu ya zauna a benci, ya ƙura wa bindigoginmu ido yana tambaya. Nisan wannan nawa? Ba ta zafi in an jima ana harbi? Sau tari yakan ce, "Saje, ɗan miƙo in ji nauyinta kawai." In ce, "Baba, aikina kake so in rasa?" Sai ya tuntsure da dariya. In Oga ya fito kuwa, gaisuwa kawai suke yi, kowa ya kama gabansa.

Cikin daminar wannan shekara ɓarayin daji suka ɗauke ɗansa Sani a gona, tare da wasu manoma. Tun daga nan Baba Tukur ya daina zuwa bencinmu.

Ranar wata Talata ce cikin kaka, da hantsi, an yanke gero amma dawa tana tsaye. Ina zaune bakin ofis sai ga wani ɗan acaba ya shigo a guje, ya yar da babur bai ko kafe shi ba.

"Sun shigo Tudun Ƙirya! Harbi ake yi! Mutanen unguwannin kusa duk sun fashe!"

Oga ya fito daga ɗakinsa yana ɗaura bel. Ya tambaye shi ko ya ga ɓarayin da idonsa. Ya ce bai gani ba, amma ya ji harbi da kunnensa, ya kuma ji ihun mata. A yankinmu a wannan lokaci, wannan ya isa. Oga ya sanar da babban ofis ta oba-oba, aka buɗe ɗakin makamai, kowa ya karɓi bindigarsa ya sa hannu. Ka'ida ce, ko gobara ake yi sai ka sa hannu, domin kowane harsashi da ya fita za a tambaye ka inda ya tafi. Cikinmu akwai Kurtu Bala, wanda bai daɗe da fitowa daga horo ba, bai taɓa zuwa inda ake harbi na gaske ba. Na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya kusa da ni.

Kai, ranar direbanmu ya nuna gwaninta! Hanyar duk ramuka ce da zaizayar damina, amma motar sintirin nan tashi take kamar ba ta taɓa ƙasa. Muna baya mun riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, bindiga a ɗayan, hula na neman tashi. Ba mu yi nisa ba muka fara cin karo da masu gudu: mata da goyo da ƙunshin kaya a ka, tsofaffi na jan awaki, wani ya ɗora uwarsa a amalanke yana turawa. Suna ganinmu sai su ɗaga hannu suna nuna bayansu, suna cewa mu yi sauri, Allah Ya ba mu sa'a. Jinina ya hau, ba abin da nake so sai mu isa.

Da muka kusa, Oga ya sa aka tsayar da mota a bayan wata kuka. Ba a shiga gari da mota in ana harbi, don kai ake gani, kai ba ka ganin kowa. Muka sauka muka warwatsu, muka kutsa cikin gonar dawa a sunkuye.

Sai muka ji dum! Ƙara mai nauyi, har ƙasa ta amsa. Farin hayaƙi ya tashi ta saman karan dawa.

Na matsa kusa da Oga na ce, "Yallaɓai, wannan ta toka ce."

Ya ce, "Na ji. Wataƙila mutanen gari ne ke mayar da martani. Kowa ya buɗe ido. Kada wanda ya harba sai na ce."

Muka ci gaba. Ihun mata ya ƙara matsowa. Can sai kara ya fara motsi a gabanmu, wani mutum ya ɓullo a guje, bindiga a sama, rawani ya warware ya rufe masa rabin fuska, yana kururuwa, ya nufo mu kai tsaye. Na ji Bala ya ja bindigarsa, ƙaras. Na waiga, na ga ya durƙusa ya saita, yatsansa a kan kunama.

Ban san Oga na da irin wannan zafin nama ba. Tsalle ɗaya ya yi ya kama bakin bindigar Bala ya ɗaga ta sama, ya daka tsawa, "Tsaya! Kai mai bindiga, ajiye ta ƙasa! 'Yan sanda ne!"

Mutumin ya ja birki, ya janye rawani daga fuska. Baba Tukur ne! Hawaye shaɓe-shaɓe a gemu, baki har kunne.

"Saje! Yallaɓai! Sani ya dawo! Wallahi yarona ya dawo da ƙafarshi!"

Sai a lokacin kunnena ya gane abin da muke ji. Ba ihu ba ne, guɗa ce. Matan Tudun Ƙirya ne ke rangaɗa ta. Ashe Sani da abokan wahalarsa sun samu sa'a sun kuɓuce daga daji, suka yi ta tafiya har suka faɗo gari da safiyar nan. Baba Tukur na ganin ɗansa ya ruga ɗaki ya ɗauko Kande, ya fita bayan gari ya yi ta ɗurawa yana saki sama. Da ya hango motarmu daga nesa, shi ne ya yanko ta gona don ya riga kowa yi mana albishir.

Kafin mu ce wani abu jama'a sun kewaye mu. Aka ja mu har ƙofar gidansa, ana kabbara, ana tafi. Ga Sani zaune a tabarma, ya rame, ƙafafu sun kumbura, amma yana murmushi. Na rungume shi, ban san sanda nawa hawayen suka zubo ba. Oga ma ya durƙusa ya riƙe hannunsa ya yi masa barka, ya ce za a kai su asibiti a duba su, daga baya a ɗauki bayaninsu. Bala kuwa ya koma gefe ya jingina da katanga.

Da hayaniya ta ɗan lafa, Oga ya miƙe ya juya wurin Baba Tukur ya miƙa hannu.

"Baba, ba ni bindigar."

Baba Tukur ya rungume ta a ƙirji. "Yallaɓai, mi ta yi? Murna ce fa. Ko kaza ba ta taɓa ba."

"Unguwanni sun watse saboda murnarka. Za ka bi mu ofis, kai da ita."

Mai unguwa ya sa baki yana ba da haƙuri, Oga ya ce zai saurare shi a ofis. Baba Tukur ya miƙa ta da hannu biyu, yana cewa a yi mata a hankali, kada a jefa ta cikin ƙarafa.

A hanyar komawa muna tafe muna shela cewa lafiya ce, kowa ya koma gida. Wasu na dariya, wasu na tsaki. Can gindin wata tsamiya muka ga mata sun yi da'ira da zannuwa, wani magidanci ya tare hanya yana ɗaga hannu. Sunansa Malam Idi. Matarsa Hajara na da tsohon ciki, gudun da ta yi ya tayar mata da naƙuda, ga jini. Nan take muka sauka, aka shimfiɗa ta a bayan mota da mata biyu. Baba Tukur ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa a yi mata matashi. Direba ya sake sakin mota, wannan karon da jiniya, mu kuma muna maƙale a gefe muna yi wa masu babura ihu su kauce. Na saci kallon Baba Tukur, na ga leɓɓansa na motsi da addu'a, bai ko kalli inda Kande take ba.

Allah Ya taimaka muka isa asibiti a kan lokaci. Muna tsaye a waje sai ga wata ma'aikaciya ta leƙo ta ce an samu namiji, uwa da ɗa lafiya. Wallahi 'yan sanda da kaki muka hau tafi kamar a filin ƙwallo. Malam Idi ya rasa wanda zai fara rungumewa.

Da la'asar muka koma ofis. Baba Tukur ya roƙi alfarma ɗaya: a bar shi ya wanke bindigar kafin a kulle ta, domin in albarushi ya kwana a ciki tsatsa zai ci ta. Na zaci Oga zai hana. Sai ya sa aka kawo ruwan zafi da tsumma, ya jawo kujera ya zauna gabansa yana kallo. Can ya kira Bala ya tsayar da shi a gaban Baba Tukur.

"Baba, dubi yaron nan. Ɗazu yatsansa na kan kunama, kai ne a gabansa. Da ya ja, da Sani ya baro daji ya zo ya tarar da jana'izarka. Shi kuma wannan ya ƙare rayuwarsa da jininka a wuyansa."

Tsumman ya faɗi daga hannun Baba Tukur. Ya dubi Bala, ya kama hannunsa, ya ce, "Ɗana, ka yafe mani." Bala ya sunkuyar da kai ya ce shi ne zai nemi gafara.

Mai unguwa ya tsaya masa aka sake shi a ranar, Kande kuwa ta shiga ɗakin makamai. Muna tsammanin shi ke nan, sai ga Malam Idi ana gobe suna, da roƙon da ya ba kowa mamaki. Ya ce tunda bindigar nan ce ta fito da yaron, ita yake so ta yi masa maraba. Muka kwashe da dariya, muna jiran Oga ya kore shi. Sai ya ce zai tambayi na sama. Da aka amince, ya gindaya sharaɗi: a yi shela a masallatan unguwannin duka tun da safe, harbi ɗaya tak, a fili, kuma yana tsaye a wurin.

Haka aka yi. Bayan an raɗa suna aka fita bayan gari, jama'a suka ja baya suka toshe kunne. Baba Tukur ya ɗura, ya dubi Oga, Oga ya ɗaga masa kai. Dum! Hayaƙi ya turnuƙe, mata suka ɗauki guɗa, aka yi ta sowa, ba wanda ya gudu. A gaban mai unguwa aka mayar masa da abarsa, bisa alkawarin ba zai ƙara harbin murna ba sai ofis ya sani. Har na bar wurin bai saɓa ba.

Abin da nake gaya wa yaranmu shi ne, a yankinmu ba za ka raba mutane da son bindiga da tsawa kaɗai ba, domin wasu gadonsu ce, wasu kuma tsoro ne ya sa suka rungume ta. Aikinka ka san su, ka san muryar abin da ke hannunsu, ka nuna musu inda harbinsu ke sauka ko da sama suka saita. Mu kuma da aka ba mu ita da sunan hukuma, gwaninmu ba shi ne mai saurin ja ba. A duk shekarun da na yi ina aiki, fitar da na fi alfahari da ita ita ce wannan, da muka tafi da shirin yaƙi muka dawo ba mu harba ko ɗaya ba.