Gwangwanin Bakunan Alƙalami

Ƙasa ba ta zama lafiya sai da hukunci, hukunci ba ya tabbata sai an rubuta shi, rubutu kuwa bawan bakin alƙalami ne. Duk mai son sanin inda duniya ta dosa, ya duba ɗan ƙarfen nan da bai fi gaɓar yatsa ba. Wannan karatu na ɗauke shi a Maiduguri, a ajin ƙarshe na firamare, 'yan shekaru bayan samun mulkin kai.

Malaminmu Babarbare ne dogo, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara kafin boko ya yi awon gaba da shi. Yana da wani gwangwanin shayi cike da bakunan ƙarfe, kuma ba ya miƙa wa ɗalibi ko ɗaya sai ya ga yadda yake danna takarda. Siriri na lissafi ne, don kada bakwai ta rungumi ɗaya. Matsakaici na insha'i da wasiƙa. Mai kauri kuwa, in ji shi, na wanda ba shi da abin faɗa ne amma yana son cika shafi.

A gida Baba ya riga ya yanke magana: in na ci jarrabawar shiga sakandare in wuce, in na faɗi in zauna a rumfarsa ina auna yadi. Don kada a ce bai taimaka ba, ya sayo mini baki mai ƙyalli wurin masu littattafan addini. Ashe yankan karkace ne, na rubutun Larabci. Ina tura shi daga hagu sai ya yi tuntuɓe, ya fesa wa takarda tawada.

Malam ya ɗaga shi sama ya duba.

"Ɗan Kano, alƙalamin nan ya san hanyarsa. Kai ne kake kora shi da baya."

"Malam, sabo ne fa."

"Laifinsa na biyu ke nan. Wa ke shiga jarrabawa da sabon baki? Ko takalmi sai ya san ƙafa."

Ya zaɓo matsakaici, ya ƙyasta ashana ya gifta shi ta cikin wutar don man da ya zo da shi ya ƙone, tawada ta kama. Mako uku ina rubutu da shi, kowace safiya Malam yana gwada tsininsa a kan farcensa, har ƙarfen ya ci daidai da karkatar hannuna. Ban sake ganin wanda ya girmama ƙaramin abu kamar mutumin nan ba, kuma har yau in na ɗauki alƙalami nakan gyara zama.

Ranar jarrabawa na naɗe bakin a ƙyalle mai tsabta, na sa a aljihun gaba. Na ci, ban auna yadi ko kamu ɗaya ba.

A shekarar aka sauya tsari. Da fensir muka zagaye amsoshin.