Kwamfutar Habu Mai Hoto

Jama'a, wannan abin a kan idona ya faru, wallahi ba ji na yi ba, shekarun baya lokacin ina koyarwa a Kibiya, ina haya a Rano ɗaki ɗaya da wani abokina Sagiru.

Akwai wani Habu mai hoto a Kibiya, duk biki da suna shi ne, sai Allah Ya yi masa rasuwa, ƙaninsa kuma ko gado ba a raba ba ya ɗauko kwamfutarsa ya sayar wa Sagiru. To kun san mai hoto, kullum yana bayan kyamara, ashe duk duniya hotonsa ɗaya ne tak, kuma yana cikin kwamfutar nan. Ranar wata Asabar da hantsi sai ga matarsa Hajara, ta hau acaɓa tun daga Fassi, ta ce don Allah a tura mata hoton nan a waya, 'yarsu ta fara tambayar kamannin ubanta.

Sagiru ko kallonta bai yi ba. Ya ce, “Kwamfutar tana sabunta kanta, ba a katse ta. Ki dawo wani satin.”

Tana fita ya goge komai, wai wurin zuba finafinai yake so. Na ce, “Haba Sagiru, hoton maraya?” Ya ce ai ba gidan ajiya ya saya ba. Da ta dawo ya faɗa mata ba kunya, ta gyara mayafinta ta tafi. Ni kam raina ya ɓaci, har abinci na daina ci da shi.

Daga nan kwamfutar ta fara. Ba data, ba komai, sai kawai ta ɗauke da kanta ta ce tana sabuntawa, kada a kashe. In ta gama, ya jona wayarsa don hotuna su daidaita, sai ya ga wasu sun ɓace, a wayar da kwamfutar duka. Ya ce cuta ce ta shige ta, ya kai ta Kano aka juye mata komai sabo, kwana kaɗan ta koma gidan jiya. Shi kuma ga son a sani, duk 'yan'uwansa na Madachi a nan suke jona wayoyinsu ana tura musu waƙa.

Ba mu gane abin da ke ɓacewa ba sai da mahaifiyarsa ta rasu. Bayan sadakar uku ya zauna neman hotonta, babu. Na sallah, na bikin ƙanwarsa, na dawowarta daga Makka, duk wanda take ciki ya tafi, sauran kuwa ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ya bi wayoyin 'yan'uwansa, su ma haka. Allah Ya jiƙan tsohuwa, mutuniyar kirki ce, amma shi kam ko ɗigon tausayinsa ban ji ba. Abin da ya shuka ne.

Ya tafi Fassi neman gafara. Hajara ta ce masa, “Ni ko Allah ya isa ban yi maka ba. Sai dai Malam Habu tun yana raye ba ya son a taɓa masa aiki.”

Da ya dawo da la'asar ya kunna kwamfutar ina zaune, ta sake sabuntawar nan, tana gamawa sai ga hoto guda sabo ya faɗo. Sagiru ne a gaban kwamfutar, an ɗauke shi ta baya, da rigar da ke jikinsa a lokacin, ga ni nan a gefe riƙe da kofin shayi. Innalillahi! Hoto tsaf, hannun gwani. Muka waiga tare, bango ne kawai a bayanmu. A daren ranar a gidan wani malaminmu na kwana, kuma ban sake shiga ɗakin ba sai kwasar kaya.

Har yau ban san ko mene ne ba. Sagiru yanzu yana da 'ya'ya, kuma an ce in suka tambaye shi kamannin kakarsu sai ya tashi ya bar wurin. Don Allah, in kayan mamaci ya zo hannunku, ku nemi iyalansa su kwashe abinsu tukuna.