Ɗan Garu a Filin Tasawa

Ranar Lahadi ce, mako biyu bayan an gama ɗaurin gero, a shekarar da nake ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko, na tsaya tsakanin ƙarafa biyu masu farin fenti a wani fili na Tasawa ina kallon ƙwallo tana gangarowa wajena. Ba bugun kirki ba ne. Wani siririn yaro ne ya shure ta daga nesa, irin shurin da a ƙauyenmu ko kaza ba za ta matsa dominsa ba. Na tsaya hannu a ƙugu ina jira ta gaji ta kwanta, kamar yadda kowace ƙwallon ƙasa take yi tun da na san kaina. Ba ta gaji ba. Ta zo ta wuce ta gefen ƙafata ta hagu, ta shige raga, fili ya ɗauki ihu da dariya. Kafin a hura usur na tashi an zura mini biyar, huɗu daga ciki duk ta ƙasa suka bi. Shekaruna goma sha biyar a lokacin, kuma ni ne ɗan Garu.

Garu laƙabin mahaifina ne, Malam Hamidu, manomi kamar kowa. Ƙauyenmu yana tsakanin Tasawa da Mayahi, a kan hanyar rairayi da amalanke ya fi mota saninta, kuma tun kafin a haife ni muna da ƙungiyar ƙwallo. Filinmu gonar mai gari ce. Da an yi girbi sai Fulani su sauka a cikinta da shanunsu don taki, in sun tashi samari su tumɓuke tushiyar kara, su share ƙarangiya gwargwadon iko, a kafa turaku biyu-biyu a ɗaura musu igiyar kaba a sama. Jigawa ce mai laushi, shanu kuma sun ƙara tattake ta, ƙafa tana nutsewa har idon sawu. A nan mahaifina ya yi shekara tara yana tsaron gida, har aka daina kiransa da sunansa na yanka. Abokinsa Baba Tanko maƙeri, wanda ya buga masa baya duk tsawon shekarun nan, shi ne mai riƙe da tarihinsa. In ya fara, sai ya ajiye guduma ya ce duk ƙauyukan da ke tsakaninmu da garin Sarkin Hausa babu wanda ya ci Garu biyu a rana guda. Ko Mayahi da suka taɓa zuwa, birni guda, ɗaya tak aka ci su, ita ma iska ce ta kai ta.

Bayan Garu sai Buba, ɗan Fulanin da gidansu ke sauka a gonar mai gari kowace shekara. Dogo ne, shiru-shiru, ba ya faɗuwa ƙasa sai dole, amma in ƙwallo ta taso sama da hannu ɗaya yake tsinko ta. Yana iya barin wasa a tsaye ya tafi ya koro saniya daga rumbun wani, ya dawo ya tsaya ba tare da ya ce wa kowa uffan ba. Samarin zamaninsa suka ce shi ne gwani, dattawa suka ce ko igiyar takalmin Garu bai kai ba, duk da dai Garu bai taɓa sa takalmi ba. Wannan gardama ita ce abincin mazan garinmu. Ana yin ta a bakin rijiya, ana yin ta a maƙera, ana yin ta a gindin dalbejiyar masallaci tsakanin azahar da la'asar, har mata suka haddace ta suna kwaikwayo a wajen surfe. Mahaifina ba ya sa baki. Sai dai in an zo kan labarin Mayahi ya sunkuyar da kai yana murmushi, mu kuwa mun ɗauka kunya ce ta gwanaye.

A cikin wannan na tashi, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya yi girma da wuri. Da safe in ɗaura wa jaki jarkoki in ɗebo ruwa, in zuba wa awaki harawa, in rataya jakar tsumma da allo in ruga lakwal kafin mushe, wato malaminmu, ya fito da bulala. A lokacin hutu sauran yara suna langa da kokawa, ni ina tsakanin duwatsu biyu ina tare ƙwallon tsumma da muka ɗaure da zaren buhu. Da damina babu wasa sai noma da koran tsuntsaye, amma ko a gona in mun zauna shan fura, mahaifina yakan ɗauki guna ya jefo mini ba zato, in na cafe ya gyaɗa kai. Darasinsa guda ne, na ji shi ya fi sau ɗari: "Ta ƙasa ba taka ba ce, rairai na tare ma. Kai dai dubi ta bisa." Gaskiya ya faɗa. A filinmu ƙwallon ƙasa ba ta yin taku goma sai ta nutse ta tsaya, mai tsaron gida ya tako a hankali ya ɗauka. Shi ya sa duk gwanayenmu idonsu a sama yake. Da Buba ya yi aure aka damƙa masa garke ya yi kudu wajen Hawandawaki, ba a ma yi shawara ba, aka ce ga ɗan Garu nan, jini ne. Na yi rani guda ina tsaron gida, aka soma sa sunana na uku a cikin gardama, ni kuwa har tafiyata ta sake.

Mushenmu ne ya samo mana gayyatar Tasawa ta hannun wani abokin karatunsa. Ranar tafiya Inna ta dama mini fura a gora, ƙannena suka raka ni da tsalle, mahaifina ya bar aikin gona ya biyo ni har bakin motar da ta zo ɗaukar wake, wadda za ta rage mana hanya. Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai kawai ya ce, "Allah shi ba da sa'a." Da muka isa na ga fili jan burji ne, an zuba an danne, tauri kamar daɓen ɗaki. Na ma ji daɗi, na ce yau babu ƙarangiya. Ban kawo a raina cewa ƙwallo tana da wani hali dabam a irin wannan ƙasa ba, kuma cikin mu goma sha ɗaya babu wanda ya kawo.

Labari ya riga mu isa gida. Ba dukana aka yi ba, ba zagina aka yi ba, dariya kawai aka yi, ita ce kuwa ta fi ciwo. Yara ƙanana in sun hango ni da jaki sai su gangaro da goriba ta tsakanin ƙafafunsa su ce, "Lawali, tare!" A gindin dalbejiya gardama ta koma ta mutum biyu kamar da, sai dai an samu ƙarin magana, wai ashe garu ma yakan haifi zana. Na daina bi ta maƙera. Na daina zuwa fili, ina jin usur ɗin mushe daga gida ina yi kamar ina gyaran turken awaki. A lakwal na koma bencin baya, na gaya wa Inna in an yi jarrabawa zan bi kawuna cin rani ba zan dawo ba, kuma da gaske nake. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mahaifina. Kwana goma bai ce mini komai a kan wasan ba, in mun haɗa ido ya kawar da kai. Na tabbata kunyata yake ji, na ɓata masa sunan da ya yi shekara tara yana ginawa.

Ranar da za a ɗora jinka a kan sabon rumbunmu, maza kusan ashirin suka taru a gidanmu da hantsi, don abu ne da sai an haɗa hannu. Inna da maƙwabta suna can suna tuƙa tuwon gayya. Aka kewaye jinkan, kowa ya kama gefe, ni ma na kama nawa. Sai Baba Tanko ya ɗaga murya ya ce, "Lawali, riƙe da kyau! Wanga ba balo ba ne, in ya bi ta ƙasanka ba mu da wani." Dariya ta ɓarke har wasu suka saki. Na ji idona ya kawo ruwa, na sunkuya ina neman hanyar fita.

Mahaifina ya saki nasa gefen ya miƙe. "Tanko," in ji shi, "nawa anka ci mu Mayahi?"

Baba Tanko ya ce, "Ɗaya mana. Wadda iska ta kai."

"Ji tsoron Allah, ga hurhura bisa kanka. Bakwai anka ci mu. Bakwai, kuma shidda ta ƙasa sunka bi, ina tsaye ina jiran rairai." Ya juya ya dubi sauran dattawan. "Bisa amalanke munka yi shawara, munka ce in an isa gida ɗaya ce. Ga Ilu nan, ga Mamman, in ƙarya nike su hwaɗi."

Baba Ilu ya soma sosa ƙeya, Baba Mamman ya sa wa jinka ido kamar yau ya fara ganin ciyawa. Mahaifina ya ci gaba, muryarsa ta ɗan sauka: "Na san hilin birni. Na raka yaron ga har bakin mota in gaya mishi, na tuna da sunana, na yi kurum. Laihina ne, ba nashi ba. Shi biyar anka ci shi, ya hi ni da biyu."

Sai Baba Tanko ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye, yana cewa ta bakwai ɗin ma shi ya ci gida da kansa. Samarin Buba suka yi ta tsalle, gardamar shekara da shekaru ta faɗo musu a hannu ba wahala. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina kallon mutumin da na ɗauka kunyata yake ji, ashe kwana goman nan da kansa yake faɗa. Haushinsa ya kama ni, tausayinsa ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Aka ɗora jinka, aka ci tuwo. Da la'asar ya ɗauki ƙwallon mushe ya kai ni fakon da ke bayan kasuwa, inda ƙasa take da tauri saboda ruwa yana kwanciya da damina, ya yi ta gangaro mini ita ina faɗuwa har gwiwoyina suka saɓule. Bai iya koyarwar ba, don shi ma bai taɓa koya ba, tare muka yi ta lalube. Ban bi kawuna ba. Na yi rani huɗu ina tsaron gida kafin karatu ya ɗauke ni, mun koma Tasawa sau biyu, ba mu ci ba amma ba a yi mana dariya ba.

Yanzu gonar mai gari an yanka ta an yi gidaje, Fulani ba sa sauka a cikinta, na ji Buba ma shanunsa sun ragu yana sayar da itace. In na je gida sai in tarar da samari sun haɗa kai a kan waya a shagon mai caji, suna gardamar masu tsaron gidan ƙasashen da ba su taɓa takawa ba, da zafi iri ɗaya da na iyayensu. Wani lokaci ɗaya daga ciki yakan tuna ya tambaye ni, a cikin namu na da wa ya fi. Nakan ce a hannu Buba ne, wannan babu musu, sannan in yi shiru, don sauran amsar ba ta shiga gardama. Tun daga ranar rumbun nan babu wanda ya sake kiran mahaifina Garu. Bakwai aka koma ce masa, a masallaci, a kasuwa, har jikoki, ya yi shekara ashirin da wani abu yana amsawa da fara'a. Ranar jana'izarsa ma na ji wani baƙo yana tambaya ko nan ne gidan Malam Bakwai. Ko sau ɗaya bai taɓa nuna mini cewa ya rasa wani abu ba. Sai da na haifi nawa ɗan na san girman abin da ya ajiye domina.