Duna Ya Bi Zanen Zumunta Har Kagoma

Jama'a, ku ajiye abin da kuke yi, Duna yana da rai!

Kun san karen nan nawa ya ɓace tun ranar taron zumuntar mata a cocinmu. Ba inda ban zaga ba a Kafanchan. Maƙwabcina har cewa ya yi, "Malam Bitrus, ka haƙura, ya riga ya shiga tukunyar farfesu."

To, yau na hau mashin na je Kagoma sayen doya. Ina cikin ciniki sai na ji an dafe ni ta baya. Saura kaɗan in kife kan doyar mutane. Ina juyawa, Duna ne! Sai tsalle yake yana lasar fuskata. Har ƙiba ya yi!

Sai ga wata mama da gudu: "Kai, sakar min karen da Ubangiji ya aiko min!"

Na ce, "Mama, nawa ne fa!"

Ta ce ranar taron ruwa ya jiƙa zanen zumuntarta, wata 'yar'uwa ta ara mata nata. Tana shiga mota sanye da zanen aron, karen ya biyo ta ya kwanta a ƙafarta, aka yi korar duniya ya ƙi fita. Na tambayi sunan 'yar'uwar. Mahaifiyata ce! Ashe ƙanshin gida ya bi.

Maman ta share hawaye ta ce, "Tafi da shi, ɗana. Ranar Lahadi zan kawo zanen in gaishe shi."

Doya kam ban sayo ba, Duna ya cinye wurin a mashin.

Maƙwabci, fito ka ga farfesunka yana kaɗa wutsiya!