Ranar da Aka Buɗe wa Baƙo Ruwa

A duk shekarun da na yi ina aikin ruwa, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da muka kai wani attajiri ya ga rafinmu.

A farkon shekarun casa'in ne, ina jami'in hulɗa da jama'a a wata ƙaramar madatsa tsakanin Karaye da Rogo. Gwamnati ba kuɗi, sai aka ce mu nemo 'yan kasuwa su zuba jari, a kafa injin da ruwa zai riƙa juyawa ya ba da lantarki, su sayar su ci riba. Ku da kuka shigo aiki yanzu ku sani, mai kuɗi ba ya sayen labari, gani ya kori ji. Abin da yake son gani kuwa shi ne ruwa mai gudu ko da rani.

Muka samu wani Alhaji mai masaƙa a Kano, wanda rashin wuta ya isa. Ya sa ranar zuwa a tsakiyar bazara, lokacin da ruwan rafin da ke ƙasan madatsar bai wuce idon sawu ba. Na ce wa manajanmu, "Ranka ya daɗe, me za mu nuna masa?" Ya yi dariya ya ce, "Kai dai tanadi kaji da lemo."

Da muka isa da hantsi, sai ga rafi cike taf, yana ruri. Ni da wautata har murna na yi, na zaci an yi ruwan sama a wani wuri. Alhaji sai gyaɗa kai yake. Muka gangara fadamar wajen ƙauyen Gwangwan. Gonakin rani duk suna cikin ruwa. Ashe manaja ne ya sa aka buɗe ƙofofin madatsar gaba ɗaya tun asuba. A ƙa'ida, kafin a saki ruwa ni nake bin masu unguwanni in sanar da su, manoma su shirya. Wannan karon ko ni ba a gaya wa ba.

Wani dattijo, Malam Isiyaku, yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, yana lalubar albasarsa. Ta kusa isa cirewa, kuma da ita zai ciyar da gidansa har kaka. Na tsaya ina jira ya yi mana kaca-kaca. Wallahi so nake ya yi.

Alhaji ɗan birni ne, ya ɗauka haka ake ban ruwa. Ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Ruwa ya samu, ko?"

Dattijon ya dubi manaja, ya dube ni. Ya ce, "Sannunku da zuwa, Alhaji. Ruwa kam ya samu, alhamdu lillahi."

Sai ya zaɓi manyan albasar da ya ceto, ya ɗauraye, ya cika kwando, ya kai har mota da kansa. Wai baƙo ba ya komawa hannu rabbana. Na rasa inda zan sa idona.

Washegari na koma wurinsa. Na ce, "Baba, me ya hana ka gaya masa gaskiya?"

Ya ce, "Haba ɗana, baƙonku ne fa. In na kunyata ku a gabansa, da wane ido za mu haɗu gobe? Amma da an gaya mini shekaranjiya, da na cire ko rabi ne."

Alhaji ya turo injiniyansa daga baya ba sanarwa, ya tarar da rairayi, zancen lantarki ya mutu a nan. Albasa ta ruɓe. Na kai maganar diyya, manaja ya ce ai mutumin bai yi ƙara ba. Malam Isiyaku, da furfurarsa, ci-rani ya tafi Kano kafin ruwa ya sauka.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu kunya ke hana su ihu, mu kuma ma'aikata sai mu ɗauki shirun a matsayin yarda. In kun ga manomi yana muku alhamdu lillahi a gaban baƙo, ku koma washegari ku tambaye shi abin da ya rasa.