Yadda Muka Kori Mai Suyar Gyaɗarmu

A ƙarshen shekarun casa'in ina aikin ofis a wani ƙaramin kamfanin man gyaɗa a Gusau. Manmu ya fi na kowa ƙamshi, kuma yana daɗewa bai lalace ba. Wani Alhaji a Tsafe ya sayi irin injinmu sak, ya janye mana ma'aikata biyu, amma ko kusa bai kamo mu ba. Abin da ya rasa shi ne wata dattijuwa 'yar Bungudu mai kula da suyar gyaɗa, wadda duk muke kira Inna. Takan damƙi gyaɗa ta girgiza a kunnenta ta ce a ƙara shanya ta. Tana daga bakin ƙofa za ta shinshina ta ce a janye wuta.

Da mai kamfanin ya tsufa, ɗansa ya karɓi ragama. Ya kira ni ya ce, "Kamfani ba ya dogara da hancin tsohuwa. Ki bi ta ki rubuta duk abin da take yi."

Sati uku ina bin ta da littafi. Na tambaye ta minti nawa ake suya.

"Wace gyaɗar?" ta ce. "Ta Mada daban, ta Wonaka daban. Ta bana ma ba ta bara ba ce."

Na ƙagu, na duba agogo na rubuta abin da na gani. Ɗan mai kamfanin ya karanta, ya tambaye ni ko shi ke nan. Na ce shi ke nan. Har yau ina jin haushin bakina.

Ranar Juma'a ya sallame ta a tsaye, ko kujera bai ba ta ba, matar da ta girmi uwarsa. Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Kafin damina man ya fara ɗaci. Masu ƙosai da masu waina suka guje mu, dillalan Tsafe suka riƙa dawo mana da jarkoki. Ya zagi injin, ya zagi manoma, ya zage ni. Daga ƙarshe ni ya aika Bungudu in ba Inna haƙuri, shi bai iya taka ƙafa ya je ba.

Na same ta tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama.

"Ya zo da kansa," ta ce.

Bai je ba. Bayan shekara biyu aka kwance injin, aka loda shi a mota zuwa wurin Alhajin nan na Tsafe.